Daga Shikago Zuwa Kano: Ƙungiyoyin Hidima, Gidauniyarsu da Baƙuncin Matasansu

Duk wanda ya saba da manyan biranen Nijeriya, ko Kano ce ko Kaduna ko Jos ko Abuja, la'alla ya taɓa cin karo da wata alama mai siffar ƙafar inji, da haƙora kewaye da ita, an kafa ta a bakin shataletale, ko an zana ta a jikin tankin rijiyar burtsatse, ko a bangon ajin wata makarantar firamare da aka yi wa kwaskwarima; in kuwa bai ga wannan ba, to, ya ga 'yar'uwarta mai kan zaki biyu, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya, da harafin L a tsakaninsu. Ta farin ita ce alamar Rotary, ta biyun kuwa ta Lions, kuma ko da yake an haura shekara sittin ana ganin irinsu a ƙasar nan, har yanzu in ka tsai da mutane a bakin kasuwa ka tambaye su ko su wane ne masu waɗannan alamu, da wuya bakinsu ya zo ɗaya. Wani zai ce maka taron masu hali ne da ke haɗuwa a otal su ci su sha su yabi juna, wani ya rage murya ya ce ƙungiyar asiri ce ta Turawa, ma'aikacin lafiya kuwa ya ce ai su ne masu kuɗin ɗigon shan inna. Tun da kowanne daga cikinsu yana da abin da ya gani ko ya ji, mas'alar ta cancanci a zauna a warware ta a tsanake.

Asalin abin daga birnin Shikago ne na Amurka. A ranar 23 ga Fabrairu, 1905, wani lauya mai suna Paul Harris, wanda ya tashi a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, sa'an nan neman abinci ya kai shi birnin da babu mai tambayar lafiyar maƙwabcinsa, ya tara abokansa uku, da mai sayar da kwal, da injiniyan ma'adinai, da tela, suka ƙulla shawarar su riƙa haɗuwa suna zagaya wuraren sana'ar junansu, wannan kuwa shi ne mafarin Rotary. Alal haƙiƙa ba da niyyar taimakon kowa suka soma ba. Zumunci suke nema da ciniki, shi ya sa ma suka sa ƙa'idar cewa mutum ɗaya tak za a ɗauka daga kowace sana'a, don kada kishi ya shiga tsakani. Sai a 1907 ne suka yi aikinsu na farko don jama'a, aikin kuwa ba wani mai ƙayatarwa ba ne, makewayi ne suka tsaya aka gina wa masu zirga-zirga a tsakiyar birnin. A 1917, a wannan birni dai, wani dillalin inshora mai suna Melvin Jones ya haɗa kan wasu ƙungiyoyin 'yan kasuwa aka kafa Lions, wadda ta sami alƙiblarta a 1925, sa'ad da Helen Keller, mashahuriyar marubuciyar nan da ta tashi makauniya kuma kurma, ta tsaya gaban babban taronsu ta roƙe su su ɗauki yaƙi da makanta ya zama aikinsu. Suka amsa, kuma tun daga lokacin hidimarsu ta fi karkata ga tattara tsofaffin tabarau, da biyan kuɗin aikin yanar ido, da yaɗa farar sandar nan da makafi ke riƙewa. A yau kowace ɗaya daga cikin ƙungiyoyin biyu tana da mambobi fiye da miliyan ɗaya, a rassa dubun dubata, an karkasa su gunduma gunduma, kowace gunduma da gwamnanta na shekara guda.

Abin da mutanen Arewa da yawa ba su sani ba shi ne, reshen Rotary na farko a Nijeriya a Kano aka kafa shi, a 1961, kafin na Legas da na Ibadan waɗanda suka biyo baya a cikin wannan shekara. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya tuna Kanon wancan zamani, mai dalar gyaɗa da babban filin jirgin sama, wadda ta tara fatake da ma'aikatan kamfanoni daga kowace nahiya.

Wanda ya halarci zamansu na mako zai ga abin da ya fi kama da majalisar dattawa mai raha. Shugaba yana sanye da sarƙar muƙami a wuya, wadda aka jera wa sunayen magabatansa, a gabansa ga ƙararrawa ga 'yar guduma. Da lokaci ya cika sai ya buga, ko da rabin kujeru babu kowa. A gabatar da baƙi, magatakarda ya karanta abin da aka zartar a zaman baya, ma'aji ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. Akwai kuma wani jami'i wanda aikinsa cin tara ne cikin wasa: wanda ya makara ya biya, wanda ya manta bai maƙala alamar ƙungiya a rigarsa ba ya biya, wanda aka yi wa haihuwa ko ƙarin girma shi ma ya zuba wani abu don murna, duk a tara a asusu. 'Yan Rotary suna da wani ma'auni mai tambaya huɗu da suke maimaitawa, wanda wani ɗan kasuwa Herbert Taylor ya tsara a 1932 don ceto kamfaninsa daga karyewa, ƙungiya kuma ta ɗauke shi a 1943, yana tambaya a kan gaskiyar magana, da adalcinta, da ko za ta ƙara zumunci, da ko za ta amfani kowa. Ranar 1 ga Yuli ta kowace shekara kuwa, tun daga shugaban duniya har zuwa na ƙaramin reshe, kowa yakan sauka ya miƙa wa wani. A ƙasar da shugabancin ƙungiyar unguwa ma kan zama gado, har a kai ga rabuwa gida biyu da zuwa gaban alƙali, wannan ɗabi'a kaɗai ta isa a dube ta da idon basira.

To, sai batun kuɗi, wanda a nan ne ake gane nizamin kowace ƙungiya. Hanyoyin tarawa sun bambanta bisa ga al'adar kowace ƙasa. A ƙananan garuruwan Amurka mambobi kan ɗaura gyauton girki su toya waina irin tasu da safe, mutanen gari su zo su saya su ci. A Ingila akan zuba ɗaruruwan agwagin roba masu lamba a kogi, kowa ya sayi lamba, a ga wadda ruwa zai fara kaiwa gaci, abin da Musulmi zai tsaya ya tambayi malaminsa a kai, gama ƙamshin caca bai yi nisa da shi ba. A Nijeriya kuwa babbar ranar tara kuɗi ita ce ranar bikin naɗa sabon shugaban reshe, inda ake kama zaure a otal, a gayyato babban mai ƙaddamarwa da uban taro da manyan baƙi, a karanta ayyukan da ake son yi a shekara, sa'an nan a shiga kiran suna da adadi. Wannan fa ba baƙon abu ba ne gare mu, gidauniya ce irin wadda muka sani, da cutar da muka san ta da ita: alkawarin da aka yi a gaban lasifika da tafi yakan fi abin da ke isa hannun ma'aji nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa abin da aka kashe wa zaure da abinci da anko ya isa ya haƙa rijiya. Masu gaskiya daga cikin mambobin su da kansu suna kukan wannan.

Amma fa akwai wani sashe na sha'anin kuɗinsu wanda ya saɓa da abin da muka saba, shi ne kuwa ya kamata a daɗe a kansa. A ƙa'idar Lions, kuɗin da aka karɓa daga hannun jama'a ba a taɓa shi don hidimar ƙungiya. Asusu biyu ake buɗewa, ɗaya na gudanarwa wanda mambobi ke cikawa daga aljihunsu, ɗaya na ayyuka wanda dole duk abin da ya shiga cikinsa ya koma ga jama'a. Rotary kuma tana da babban asusu na duniya, mai kama da waƙafi, wanda shugabanta Arch Klumph ya kawo shawararsa a 1917, gudummawar farko da ta shiga cikinsa kuwa dala 26 ce da santi 50 daga reshen birnin Kansas. Abin da mambobi suka zuba a asusun shekara ba a raba shi nan take. Akan juya shi shekara uku, sa'an nan a kasa shi kusan biyu, kashi ɗaya gundumar da ta tara ta zaɓi inda za a sa shi, ɗayan ya shiga tukunyar duniya. In wani reshe a Zariya ko Maraɗi yana son babban tallafi, alal misali don ruwan sha ko kayan ɗakin haihuwa, sai aikin ya kai na dala 30,000 ko fiye, sai ya sami wani reshe a wata ƙasa wanda zai tsaya masa abokin tarayya, sai ya nuna cewa ya zauna da mutanen wurin ya ji bukatarsu daga bakinsu, sai ya buɗe wa kuɗin asusu na daban, ya adana rasiɗai, ya kuma aika da rahoto a kan kari. Wanda ya yi jinkirin rahoto an rufe masa ƙofar wani tallafin har ya sauke nauyin, kuma akwai masu bincike da akan turo su ga aikin da idonsu. Ba a ce ba a taɓa cin amana a cikinsu ba, mutane ne. Amma an gina tsarin a bisa zaton cewa hisabi wajibi ne, ba cin fuska ba ne ga mutumin kirki a tambaye shi rasiɗi.

Suna kuma da dabarar girmama mai bayarwa. Tun 1957, duk wanda ya ba da dala 1,000, ko aka bayar da sunansa, akan ba shi lambar Paul Harris da takardar shaida, daga nan kuma darajoji suna hawa har zuwa na masu dala 250,000 ko fiye. Mai tsoron riya zai ƙyamaci wannan, yana kuwa da dalili, gama sadakar da aka rataya a ƙirji tana cikin haɗari. Sai dai malamanmu da kansu sun yi bayanin cewa bayyana sadaka yana da gurbinsa in ana fatan wasu su yi koyi, niyya kuwa ba mai ganinta sai Allah. Abin da ido ke iya gani shi ne, dabarar tana kawo kuɗi.

Babu inda aka jarraba wannan nizami kamar yaƙi da shan inna, kuma babu inda jarrabawar ta yi tsanani kamar ƙasar Hausa. A 1979 Rotary ta ɗauki nauyin rigakafin yara miliyan shida a ƙasar Filifin. Da ta ga abin ya yiwu, sai a 1985 ta ƙaddamar da shirin PolioPlus da burin tara dala miliyan 120, ta kuwa tara ninki biyu na wannan. A 1988 aka kafa ƙawancen duniya na kawar da cutar, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a lokacin da cutar ke nakasa yara kimanin 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. A 1996 Nelson Mandela ya jagoranci buɗe yaƙin a nahiyar Afirka. Abu ya yi ta tafiya har aka soma hangen ƙarshe, sai ga shekarar 2003, wadda ta zo da wani irin haɗuwar al'amura da ko mai ƙaga labari zai ji nauyin ƙagawa. A ranar 1 ga Yulin shekarar, Jonathan Majiyagbe, babban lauya mazaunin Kano kuma ɗan reshen Kano, ya hau kujerar shugabancin Rotary ta duniya, ɗan Afirka na farko da ya taɓa hawanta. A cikin watannin da suka biyo baya kuma gwamnatin jihar Kano, ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, ta dakatar da ɗigon, wasu jihohi kamar Zamfara da Kaduna su ma suka ɗaga ƙafa na ɗan lokaci, bayan da wasu shugabannin addini, cikinsu har da likita Dakta Datti Ahmad, suka bayyana zargin cewa an gauraya shi da abin hana haihuwa.

Yana da sauƙi ga wanda ke zaune a Janiba ko Landan ya kira wannan jahilci ya wuce, amma wanda ya san Kano ya san shubuhar ba daga sama ta faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Ga kuma yaƙin Iraƙi yana ci a wannan shekara ta 2003. Bayan haka akwai tambayar da talaka ya riƙa yi, wadda ba a taɓa ba shi gamsasshiyar amsarta ba sai daga baya: don me in ɗansa ya kamu da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda zai je asibiti a rubuta masa magani ya saya, alhali wannan ɗigo, na cutar da bai fi ganinta jefi jefi ba, ana biyo shi da shi har ɗaki kyauta, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba? Zargin hana haihuwa bai tabbata ba, galibin gwaje-gwajen da aka yi a ciki da wajen ƙasa ba su gaskata shi ba, kuma a ƙarshen Yulin 2004 Kano ta koma ɗigo da maganin da aka sayo daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, gwamna da kansa ya ɗiga wa yara. Sai dai ɓarna ta riga ta auku. Ƙwayar cutar ta bazu daga Nijeriya zuwa ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita, ta bi ta Nijar da Chadi da Sudan har Yaman da Indunusiya, a 2006 kuma yaran da ta nakasa a Nijeriya suka haura dubu ɗaya.

A nan ne iyakar ƙarfin kuɗi ta bayyana. Dala miliyan nawa ne ma ba ta buɗe ƙofar gidan da maigida ya ce kada a shiga. Abin da ya buɗe ta shi ne shigowar masu faɗa a ji na gida: Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009, wanda ya sa hakimi da dagaci da mai unguwa kowa ya ɗauki alhakin yaran ƙasarsa, da malaman da suka hau mumbari suka yi bayani, da hukumomin Saudiyya da suka riƙa ɗiga wa maniyyata daga Nijeriya, manya da yara, abin da ya sa mutane da yawa suka sake tunani, da waɗanda cutar ta nakasa, irin ƙungiyarsu ta Kano mai ƙera kekunan hannu masu ƙafa uku, waɗanda suka riƙa bin ayari suna cewa iyaye su dube su su yanke hukunci. Fiye da kowa kuma akwai matan nan masu hijabi da akwatin sanyi a kafaɗa, waɗanda su kaɗai al'ada ta yarje wa shiga cikin gida. Su yi sallama daga zaure, wakilin mai unguwa ya tsaya a waje, su shiga su duba tambarin da ke jikin kwalba ko zafi ya sauya masa launi, su matse kumatun yaro su ɗiga masa biyu, su shafa masa tawada a farcen ɗan ƙaramin yatsa, in sun fito su ɗauki alli su rubuta a bango ko jikin ƙyaure yara nawa aka samu, nawa ba sa nan, da ko an ƙi. Daga baya aka gane a riƙa haɗawa da sabulu da alewa da gidan sauro, a kuma kafa sansanin duba marasa lafiya a bakin unguwa, watau dai an amsa tambayar talaka bayan shekaru. Tara daga cikin masu wannan aiki, galibinsu mata, 'yan bindiga suka harbe su a Kano a Fabrairun 2013.

An ga na ƙarshen masu kamuwa da asalin ƙwayar a jihar Borno a 2016, a ranar 25 ga Agusta, 2020 kuma aka ba nahiyar Afirka shaidar rabuwa da ita. A wannan shekara mujallar Time ta sa Dakta Tunji Funsho, likitan zuciya da ya shugabanci kwamitin Rotary na shan inna a Nijeriya, cikin mutum ɗari mafiya tasiri a duniya. Bai dace a jingina wa Rotary nasarar ita kaɗai ba, gama gwamnatoci da gidauniyar Gates da ta Dangote da dubban ma'aikata duk suna ciki. Nata rabon shi ne kuɗin da ya haura dala biliyan biyu, da naci wajen bin ofisoshin masu mulki, da kuma riƙon alkawari guda shekara kimanin arba'in alhali shugabanninta suna sauyawa kowace damina. Aikin kuma bai ƙare ba: asalin ƙwayar na nan a Afganistan da Fakistan, a Arewa maso yammacin Nijeriya kuma ana fama da wani nau'i da ke rikiɗa daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon kansa, a wuraren da yara da yawa ba su samu ba, musamman inda 'yan bindiga suka tare hanya.

Game da zargin asiri, wajibi ne a faɗi abin da ke akwai. A 1978 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na Makka, ta fitar da hukunci a kan ƙungiyar asirin nan ta Masoniyya, ta kuma ambaci Rotary da Lions a cikin waɗanda take ganin rassanta ne da suka sauya suna, kuma wannan fatawa tana da mabiya a cikinmu har yau. Ba Musulmi kaɗai suka yi wannan ɗari-ɗari ba. Fadar Fafaroma ta hana limamanta shiga Rotary a 1951 kafin daga baya ta sassauta, gwamnatin Hitila kuma ta tilasta wa rassan Jamus rufewa a 1937. Su ƙungiyoyin suna musun alaƙar, suna cewa ba su da rantsuwar ɓoye, zamansu a buɗe yake ga baƙo, ba su kuma shiga addini ko siyasa. Akwai rassansu a Masar da Turkiyya da Fakistan da Bangaladash da Malesiya, cike da Musulmi. Hukunci na malamai ne, ba na mai rahoto ba. Abin da mai rahoto zai iya shaidawa shi ne, wannan shakka, haɗe da tsadar kuɗin shiga da yin zama a otal da harshen Turanci, ta sa rassan da ke Arewa ba su yi saiwa a cikin gari ba yadda suka yi a Kudu, har aka wayi gari aikin sa kai na yau da kullum, irin jinyar maras lafiya da haƙar kabari da yashe kwata da tsare sahu ranar idi, yana hannun 'yan agaji da ƙungiyoyin unguwa da na tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka fi su jama'a da kusanci, ko da yake da yawansu za su amfana da littafin ma'aji irin na waɗancan. Mata ma ba su sami shiga Rotary ba sai bayan hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1987 da gyaran ƙa'ida na 1989, ba a kuma sami mace a shugabancin duniya ba sai Jennifer Jones ta Kanada a 2022.

Saura musayar matasa, wadda ita ta fi bukatar yarda a cikin ayyukansu. Rassan Turai ne suka fara ta a ƙarshen shekarun 1920, a Kofanhegan ta Danmak da Nis ta Faransa, Lions kuma ta soma tata a 1961 tsakanin Japan da Amurka. A tsarin Rotary, yaro ko yarinya mai shekara 15 zuwa 19 yakan tafi wata ƙasa ya yi shekarar karatu guda, iyayensa su biya jirgi da inshora, reshen da ya karɓe shi ya nema masa makaranta, ya ba shi kuɗin kashewa duk wata, ya kuma naɗa masa mai ba da shawara wanda ba ɗan gidan da ya sauka ba ne, don ya sami inda zai kai kuka. Ba a barinsa gida ɗaya. Yakan zauna da iyali biyu ko uku bi da bi, don kada ya ɗauka halin gida guda shi ne halin ƙasa. An gindaya masa sharuɗɗa huɗu da kowane ɗan musaya ya haddace: ba giya, ba ƙwaya, ba tuƙi, ba soyayya, wanda ya karya a sa shi a jirgi ya koma. Dubbai ne ke tafiya kowace shekara, ana gane su a filin jirgi da kwat ɗinsu da suka cika da ƙananan alamun da suka yi musaya da takwarorinsu, har ta yi nauyin da ba ta saɓuwa. Bayan wasu koke-koke na cin zarafi da suka taso a wasu ƙasashe, an tsananta ƙa'ida, yanzu gundumar da ba ta cika sharuɗɗan kare yara ba, kamar binciken masu masauki da horar da su, ba ta aikawa ba ta karɓa.

Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba, shi da ya san riƙo, ya san tura yaro gabas neman karatu, ya san fataken da suka riƙa sauka a gidajen fatoma a zangon Salaga da Kumasi suna barin dukiyarsu a hannun mai masauki. Duk da haka rabonmu a wannan musaya kaɗan ne ƙwarai, dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Kuɗin jirgi ya fi ƙarfin mai albashi, biza ga matashin Nijeriya ta zama abin da ta zama, uba kuma yana da tambayoyin da ba wasa ba ne: wa zai tashe shi sallar asuba, me zai ci a gidan da ake dafa naman alade, yaya azumi a ƙasar da rana kan kai ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, in kuma 'ya mace ce, ina muharraminta? Saboda haka abin da matasanmu suka fi samu shi ne rassan matasa na cikin gida, Interact na 'yan sakandare da aka kafa a 1962, da Rotaract na 'yan jami'a da masu fara aiki na 1968, da Leo na ɓangaren Lions, da sansanin horon shugabanci na 'yan kwanaki da gunduma kan shirya, inda ɗan Sakkwato kan kwana ɗaki ɗaya da ɗan Makurɗi, irin abin da aka nufa da hidimar ƙasa sa'ad da gwamnatin Janar Gowon ta kafa ta a 1973.

Akwai kuma sharaɗin da ya fi waɗannan duka wuyar cikawa, wanda ba a cika faɗarsa a wurin taro ba. Musaya ce, ba tallafin karatu ba; gundumar da ta aika ɗa ana sa ran ta karɓi ɗan wani. Ke nan sai an sami gidaje biyu ko uku a Kano ko Katsina da za su buɗe wa yarinya 'yar shekara goma sha shida daga Barazil ko Jamus ɗaki, su zaunar da ita cikin 'ya'yansu wata uku uku, da makarantar da za ta karɓe ta, sa'an nan a sami iyaye a can waɗanda za su karanta gargaɗin da ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsu ta rubuta a kan Arewacin Nijeriya, su kuma sa hannu duk da haka. Gidajen kam za a samu, gama karɓar baƙo ba ya cikin abin da aka rasa a ƙasar nan. Sa hannun iyayen can ne ba ya cikin ikon kowane reshe, yana jiran ranar da hanyar Gusau da ta Birnin Gwari za su koma biyuwa da dare.